Lambar da gabanta da bayanta ɗaya: me za mu kira ta?

Tambaya: Malam, a darasin lissafi an nuna mana lamba irin 10301, wadda ko ta dama ko ta hagu aka karanta ta ba ta canzawa, kuma ba ta rabuwa sai da kanta ko da 1. Yaya sunanta da Hausa? Ko karin maganar nan "ɗan Juma ne da ɗan Jummai" ta dace da ita? Daga wata ɗaliba.

Amsa: 'Yata, bari mu sallami karin maganar tukuna. Ɗan Juma da ɗan Jummai mutum biyu ne da aka ga babu bambanci tsakaninsu. Ke kuwa abu ɗaya ne a hannunki, kina dubansa ta fuska biyu. Ba wurinta ba ne.

Siffar ba baƙuwa ba ce a harshenmu. Rubuta "amma", ko "aya", ki karanta daga ƙarshe. Har da "uku", wanda ya haɗa duka biyun, tunda 3 ma ba ta rabuwa. Ni dai da za a bi tawa, lambar da ba ta rabuwa a ce mata "gagara-raba", bisa ƙirar "gagara-badau", wannan taki kuwa "gagara-raba mai gaba da baya ɗaya". Ya yi tsawo, amma ya faɗi gaskiya.

Sai dai ki rarrabe siffofin biyu. Ƙin rabuwa halin lambar ne, daidaiton gaba da baya kuwa na rubutu ne. Ɗauki 101 ki rubuta ta da tsarin 0 da 1 na kwamfuta, za ta koma 1100101: daidaiton ya tafi, taurin kan yana nan.

Kuma haɗuwarsu na da sharuɗɗa. Idan ta wuce alƙalami ɗaya, dole ta fara da 1, 3, 7 ko 9, domin abin da ta fara da shi da shi za ta ƙare, mai ƙarewa da 5 ko da lamba mai rabuwa biyu kuwa ta riga ta faɗi. Wanda ya fi burge ni shi ne na 11. Duk lamba mai gaba da baya ɗaya da ke da alƙaluma biyu, huɗu, shida da sauransu, 11 na raba ta: 1221 ai 11 sau 111 ne, 4554 kuma 11 sau 414. Saboda haka a wannan rukuni 11 kaɗai ta tsira.

Manyansu fa? Akwai wadda marubuci Clifford Pickover ya laƙaba wa suna Belphegor: 1, sifiri guda 13, 666, sifiri guda 13, sannan 1. A 2021 Ryan Propper da Serge Batalov suka gano wata mai alƙaluma 1,888,529, dukkansu 9 ne in ban da 8 guda ɗaya a tsakiya cif. Ko irinsu na da iyaka ko babu, masana lissafi ba su tabbatar ba har yau, duk da cewa Yukilid, masanin lissafin Girka na dā, ya nuna gagara-raba zalla ba su ƙarewa tun sama da shekara 2,000 da suka wuce.