Amsa: Yadda tsiro ke gane bakteriya, da abin da ke karya juriyar iri

Malam, ka tambaya yadda tsiro ke gane cuta alhali ba shi da jini balle fararen ƙwayoyin da ke yaƙi a jikinmu, da kuma dalilin da ya sa irin da aka ce yana jure cuta yake kamuwa bayan 'yan shekaru. Tambayoyin biyu tushensu ɗaya.

A tsiro babu rundunar da ke zagaya jiki. Kowace ƙwayar halitta ita ke gadin kanta, kuma gadin hawa biyu ne. Na farko yana kan fatar ƙwayar. Bakteriya da yawa suna da wutsiyar da suke iyo da ita, wadda aka gina da furotin mai suna filajelin. A jikinsa akwai wani ɗan yanki mai amino asid 22 (su ne tubalan da ake gina furotin da su), ana ce masa flg22. Tsiro yana da mai gadi, FLS2, wanda ɗakin binciken Thomas Boller a birnin Basel na ƙasar Switzerland ya gano a shekarar 2000. Da zarar yankin nan ya taɓa shi, sai ya haɗe da abokin aikinsa BAK1, su tayar da ƙararrawa. Cikin mintoci kalsiyam ya kwarara cikin ƙwayar, a fesa sinadarai masu ƙuna irin su haidurojin feroksaid, ƙananan ƙofofin numfashi na ganye su rufe. Daga baya a yaɓe bangon ƙwayar da wani abu mai kauri, kalos. Yawancin bakteriya a nan suke tsayawa, shi ya sa ba kowace ke iya cutar da kowane tsiro ba.

Masu cutarwar gaske sun zo da shirinsu. Pseudomonas syringae, mai sa ɗigo-ɗigo a ganyen tumatir, tana da wata allura da take soka wa ƙwayar tsiro, ta tura furotin kusan 30 ciki. Wasunsu, kamar AvrPto da AvrPtoB, aikinsu kashe ƙararrawar FLS2 ne. Tana kuma fitar da guba, koronatin, mai kwaikwayon wani sinadarin tsiron, ta sa ƙofofin da aka rufe su sake buɗewa.

A nan hawa na biyu ke shigowa, kuma ni a ganina shi ne mafi ban sha'awa. A cikin ƙwayar akwai wasu masu gadi da ake kira NLR. Da yawansu ba bakteriyar suke kallo ba, kayan gida suke sa wa ido. Misali a tsiron gwaji Arabidopsis, bakteriya kan tura makaminta AvrRpt2 ya yanke wani furotin mai suna RIN4. Mai gadi RPS2 yana ganin RIN4 ya ɓace sai ya tashi. A 2019 aka ga yadda wani irinsu, ZAR1, yake yi: guda biyar suna haɗuwa kamar zobe. A 2021 kuma aka tabbatar cewa suna huda fatar ƙwayar, kalsiyam ya shigo da yawa. Ƙwayar ta mutu tare da maƙwabtanta, cutar ta rasa wurin yaɗuwa. Don haka ɗan busasshen tabo mai iyaka a ganye sau da yawa alamar nasara ce, saɓanin tabo mai kama da jiƙewar ruwa da ke ta faɗaɗa. Bayan haka sinadarin salisilik, ɗan'uwan asfirin, yana ƙaruwa, sauran ganyen su zauna cikin shiri.

To, ga inda juriya ke karyewa. Tun a shekarun 1940 masanin cututtukan tsiro Harold Flor ya nuna cewa ƙwayar gado (abin da ke ɗauke da halin da ake gada) ɗaya a tsiro tana amsa ƙwayar gado ɗaya ce a mai cutar. Idan juriyar iri ta dogara ga mai gadi guda, kuma aka shuka irin a fili mai faɗi shekara da shekaru, duk bakteriyar da ta yar da makamin da ake gane ta da shi, ko ta ɗan sauya masa kama, ita ce za ta tsira ta hayayyafa. Irin bai lalace ba, idonsa ne bai ƙara ganin ɓarawon ba. Shi ya sa masu kyautata iri ke tara ƙwayoyin juriya da dama a iri ɗaya. A shinkafa ana haɗa Xa21, wanda aka samo daga shinkafar daji aka kuma tantance shi a 1995, da xa13 da xa5 don maganin cutar ƙunar ganye. Shi xa13 dabararsa daban ce: bakteriyar Xanthomonas, mai kawo cutar, tana kunna wata ƙofar sukari a ƙwayar shinkafar don ta sami abinci, shi kuwa makunnin ne ya sauya, sai ta kasa kunnawa.

Yanayi ma yana da hannu. Zafi yana rage sinadarin salisilik, har an ga haka a Arabidopsis daga digiri 28 a ma'aunin Salshiyos. Danshi mai yawa kuma yana ba bakteriya damar tara ruwa a cikin ganye. Rauni daga wuƙar sassabe ko ƙanƙara yana tsallake da ita ƙofofin gaba ɗaya. Saboda haka kafin a ce juriyar iri ta karye, a duba ko ana ban ruwa ta saman ganye, ko an cunkushe shuka, ko ana aiki a gona ganye na jiƙe.