Amsa ga mai tambaya kan jinkirin aiki a kamfanin fasaha: fara binciken daga teburinka

Wa alaikumus salam, Malam. Ka ce kai ke riƙe da sashen fasaha a kamfaninku, ma'aikata sun ƙaru, amma ɗan gyaran da kwastoma ya nema sai ya kwashe watanni bai fita ba, alhali masu gogayya da ku kullum da sabon abu suke wayar gari. Kun kawo tsarin Scrum, wato raba aiki zuwa gajerun zango, ana tsayuwar safe, ɗan gajeren taron da ake yi a tsaye, kowace rana, kun sayi manhajar bibiyar ayyuka, shiru kake ji. Kana tambaya ko ƙarin injiniyoyi za ka ɗauka.

Kada ka ɗauki kowa tukuna. Fred Brooks, wanda ya jagoranci babban aikin manhaja a IBM, ya faɗa tun 1975 cewa ƙara mutane a aikin manhajar da ya riga ya makara, ƙara masa makara yake yi, domin tsofaffin hannu ne za su ajiye aikinsu su koya wa sababbi. Na daɗe a wannan sana'a, daga rubuta manhaja har zuwa riƙe ƙungiyoyi, kuma abin da na tarar kusan duk inda na zauna iri ɗaya ne: lokacin da aiki ke ci a hannun mai yin sa kaɗan ne, mafi yawansa a jira yake salwanta.

Ga yadda za ka tabbatar da kanka. Ɗauki buƙata guda da aka kammala kwanan nan, ka bi sawunta daga ranar da ta shigo har ranar da ta isa hannun kwastoma. A wani kamfani da na yi aiki, mun yi haka da wata buƙata ta ƙara gurbi ɗaya a fom ɗin rajista. Muka ja dogon layi a allo, duk inda hannu ya taɓa aikin mu sa alama da baƙin alƙalami, duk inda ya kwanta mu shafe da ja. Da muka ja da baya muka kalli allon, kusan duka ja ne, baƙin ɗigo-ɗigo ne kawai. Ya jira kwamitin da ba ya zama sai wata-wata. Ya jira masu tsaro su duba. Ya jira layin masu gwaji. Da aka gama komai kuma ya jira daren sakin sabbin ayyuka, wanda ba a yi sai bayan 'yan watanni. Jan da ya fi kowanne tsawo kuwa a akwatin saƙon darakta yake, mutumin da ya fi kowa ƙorafin cewa yara ba su da sauri. Ba mugun mutum ba ne, komai ne ya bi ta kansa, shi kuma yini yake a mitin.

Shi ya sa nake cewa wannan aikin naka ne kafin ya zama na injiniyoyi. A wasiƙarsa ga masu hannun jarin Amazon ta 2015, Jeff Bezos ya kasa shawarwari gida biyu: akwai ƙofar da in ka shiga ba fita, akwai wadda in ka leƙa ba ta yi maka ba sai ka juyo. Ta farko tana son natsuwa da shawara. Ta biyu, wadda ita ce mafi yawa, ƙananan ƙungiyoyi ko mutum ɗaya mai hankali ya kamata su yanke ta nan take. Ciwon manyan kamfanoni, a cewarsa, shi ne ɗaukar kowace ƙofa tamkar ta farko. A wasiƙar shekarar da ta biyo baya ya ƙara da cewa yawancin shawarwari a yanke su da kusan kashi 70 cikin ɗari na bayanan da kake fatan samu, in ka jira kashi 90 ka makara. To zauna ka rubuta abubuwan da lallai sai da sa hannunka: babbar kwangila, sauya tushen da aka gina manhajar a kai, duk abin da ya shafi bayanan sirrin kwastoma. Za ka ga ba su da yawa. Sauran ka sanar a rubuce cewa ka sake su, da sunan wanda ya gaje su.

Sai dai a nan mutane da yawa ke faɗuwa. Ranar da yaronka ya yanke shawara ta ba da ruwa, in ka tsare shi a gaban jama'a kana tambayar wa ya ba shi izini, shi ke nan, ka karɓe abin da ka bayar. Daga ranar kowa zai koma turo maka saƙon “ranka ya daɗe, a duba a amince”, ba don bai san amsa ba, sai don ya samu inda zai fake. A masana'antar Toyota, leburan da ke kan layin haɗa mota yana da igiyar da zai ja in ya ga matsala, har ta kai ga tsayar da layin. Darajar igiyar tana ga abin da shugaba yake yi bayan an ja ta. In manhaja ta faɗi, zaman da za ku yi ya kasance kan wace kafa ce ta bari kuskuren ya wuce har ya isa ga jama'a.

Abu na biyu, wanda a ganina ya fi kowanne saurin nuna amfani kuma ya fi kowanne ɗaci ga shugabanni: rage yawan ayyukan da aka buɗe lokaci guda. Lissafi ne tsagwaronsa, John Little ya tabbatar da shi a 1961. A ce ƙungiyarka tana gama ayyuka 5 a wata, kuma akwai 30 a buɗe. Kowane aiki zai ɗauki kimanin wata 6. Rage na buɗe su koma 10, ba tare da kowa ya ƙara ko minti ɗaya a ofis ba, kowanne zai fita cikin wata 2. Wa ke buɗe ayyukan? Mu ne. Shugaba ya dawo daga taro da sabon tunani, ya tare injiniya a baranda, “ɗan duba mini wannan mana”, shi kuma ba ya iya cewa a'a. Dokar da na ga ta yi aiki mai sauƙi ce: jeri guda ɗaya tak na abubuwan da ke gaba, kowa na ganinsa, wanda duk yake son sako sabo sai ya nuna wanda za a sauke. Har da mai kamfani.

Batun fasalin ƙungiyoyi ba zan ja shi ba. Melvin Conway ya lura tun 1968 cewa abin da kamfani ya ƙera yakan ɗauko kamannin yadda sassansa ke magana da juna. In masu zane daban, masu rubutu daban, masu gwaji daban, kowa da shugabansa, kowace buƙata sai ta tsallake katanga uku. Haɗa su a ƙaramar ƙungiya guda mai riƙe da abu ɗaya daga farko har ƙarshe. Kada dai ka kwafo sunayen ƙungiyoyin Spotify, kamfanin sauraron waƙoƙi ta intanet, da suka yi tashe tun 2012 ka liƙa wa tsofaffin sassanka. Waɗanda suka rubuta bayanin tsarin na Spotify ma sun ce hoton yadda suke aiki ne a wancan lokacin. Haka ita ma sanarwar Agile, ta ƙa'idojin gina manhaja cikin sauri da sassauci, da mutum 17 suka fitar a jihar Utah ta Amurka a 2001 ba ta ambaci tsayuwar safe ba. Abin da ta fifita shi ne manhajar da ke aiki, da haɗa kai da kwastoma, da karɓar sauyi.

Yanzu wani zai ce sauri ya haifi nawa, kuma yana da gaskiya in sauri na nufin tura komai ga kowa a tashi ɗaya. Ranar 1 ga Agusta 2012 kamfanin hada-hadar hannun jari na Knight Capital ya fara aiki da sabuwar manhajar da ya sa a kwamfutocinsa, ashe an tsallake ɗaya daga cikin takwas, cikin kusan minti 45 ya yi asarar sama da dala miliyan 400. Ranar 19 ga Yuli 2024 wata sabuntawa ta kamfanin tsaron kwamfuta na CrowdStrike ta durƙusar da na'urorin Windows kimanin miliyan 8.5 bisa ƙiyasin Microsoft, jirage suka kasa tashi, asibitoci da bankuna suka shiga ruɗani. Maganin irin wannan shi ne a riƙa saki kaɗan-kaɗan, akai-akai, ga mutane ƙalilan da farko, da gwajin da na'ura ke yi da kanta, da hanyar janyewa cikin mintuna. Sauyi ƙarami in ya lalata abu, nan take ka san shi ne. Sauye-sauyen wata uku da aka tara aka saki dare ɗaya kuwa, sai ku kwana kuna laluben mai laifi. Wannan yana cin kuɗi da lokaci, kuma kwastoma ba ya ganinsa, don haka in ba kai ka tsaya masa a gaban hukumar gudanarwa ba, ba mai tsaya masa. Don aunawa, ma'aunai huɗu na masu binciken DORA, ƙungiyar da ke nazarin yadda kamfanoni ke sakin manhaja, sun isa: sau nawa kuke saki, tsawon lokaci daga rubutu zuwa hannun jama'a, kashi nawa na sakin ke jawo matsala, da saurin farfaɗowa. Ka yi amfani da su don ganin inda ake maƙalewa. Ranar da ka mai da su sandar dukan ma'aikata, ranar za a fara yi maka kwaskwarimar alƙaluma.

Sai kasafin kuɗi, wanda ba kasafai ake kawo shi cikin wannan zance ba. In an raba kuɗin shekara tun watan farko an ɗaure kowane sisi da wani aiki, duk abin da kasuwa ta nuna muku a tsakiyar shekara sai dai ku kalla. Ka nemi a riƙa duba rabon duk wata uku, kuma a saba da rufe aikin da bai karɓu ba ba tare da an ɗauke shi abin kunya ga masu yin sa ba. Kamfanin da ya samar da Slack wasan intanet mai suna Glitch ya fara yi. Da wasan ya ƙi, suka rufe shi a 2012 suka juya ga manhajar hirar da suka gina wa kansu, wadda Salesforce ya sanar da sayenta a 2020 kan dala biliyan 27.7.

Ba ka faɗi fannin da kuke ba. In harkar kuɗi ce ko lafiya, akwai binciken da doka ta wajabta, ba za ka share shi ba. Abin da za ka iya shi ne ɗauko mai duba bin doka da mai tsaro ka zaunar da su cikin ƙungiyar tun ranar da ake tsara aikin, su faɗi sharuɗɗansu da wuri, a mai da waɗanda za su yiwu gwajin na'ura. In ka ja layin nan a allo, turo mana inda jan ya fi tsawo mu duba tare.