Ina Jidda amma NDA nake so, ta ina zan fara?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Kawu, dan Allah shawara nake nema. Shekarata 18, a Jidda aka haife ni amma iyayena 'yan Katsina ne, kuma tun ina ƙarami burina in zama hafsan soja a gida Najeriya, NDA nake so, wato makarantar horar da hafsoshin soja da ke Kaduna. Matsalar ita ce mu nan dare ne ranarmu, sai bayan asuba nake kwanciya in tashi wajen azahar, gudu kuwa zagaye ɗaya na filin ƙwallo sai haki. Ta ina zan fara?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya cika maka burinka. Da barci za ka fara, wallahi shi ne babban aikin da ke gabanka tun kafin gudu da karatu. Na san yadda Jidda take, zafi da gumi suna kora mutane cikin gida har sai rana ta faɗi, sannan gari ya farka, a fita shan shayi, a ci kabsa ƙarfe ɗayan dare, a riƙe waya har kiran salla. To a Afaka, inda NDA take a Kaduna, kafin gari ya waye an riga an fito fili ana gudu, ga sanyin hunturun Kaduna da jikinka bai taɓa ji ba, wanda bai saba ba tun a satin farko zai fara tunanin gida. Kar ka ce za ka juya abin a dare ɗaya, ba zai yiwu ba, ka riƙa jawo lokacin kwanciyarka baya da rabin awa duk bayan kwana biyu har ka kai ga kwanciya ƙarfe goma, wayar kuma a bar ta a falo. Abokai za su yi maka tsiya, ƙyale su.

In an idar da sallar asuba kar ka koma shimfiɗa, sa takalmi ka fita, lokacin ne kaɗai garin ke da dama-dama. Ka fara da tafiya da sauri kana haɗawa da ɗan gudu, sati-sati kana ƙarawa har ka iya cin kilomita uku zuwa biyar ba tsayawa, kwana huɗu a sati ya isa, sauran ranakun ka yi dannan ƙasa da motsa ciki. Kar ka kuskura ka yi gudu da tsakar rana wai don jarumta, zafin nan yana sumar da ƙato. Ruwa da yawa, lemon kwalba da soyayyar kaza a rage, shisha da sigari kuwa a bar su gaba ɗaya, domin a AFSB, hukumar tantance masu neman shiga NDA, likitoci ne ke duba mutum ciki da waje.

Hantsi na karatu ne, awa biyu ko uku, Turanci da lissafi. Yaranmu da suka tashi da Larabci nan suke shan wahala, gashi sai da JAMB da jarrabawar NDA kafin ma a kira ka gaban hukumar, can kuma da Turanci za a yi maka tambayoyi a kan Najeriya, har da abin da ke faruwa yau. Ka riƙa karanta jaridun gida a intanet da ƙarfi kana jin muryarka, ka san jihohi 36 da manyan biranensu, ka san a Kaduna aka kafa makarantar a 1964.

Sai takardu, kuma shekaru ba sa jira, daga 17 zuwa 21 ake ɗauka. Kana buƙatar kiredit biyar har da Turanci da lissafi a WAEC ko NECO, da lambar NIN, da takardar shaidar ƙaramar hukumarku ta Katsina. Ka zauna da Babanku yau ɗin nan ku duba wanne ke hannu, wanda babu a sa wani ɗan uwa a gida ya fara bi.