Amsar Baffa kan zancen shiga karofi

Wa alaikumus salam ɗana. Saƙonka tun jiya bayan isha'i ya shigo, wayar ce ba caji, ka dai san halin wutarmu a nan Kura. Ka ce abokanka a jami'a sun ga shuɗi a farcenka suna ta tsokanarka, shi ne kake tambaya wai me ya sa a gidanmu dole sai kowane ɗa namiji ya shiga karofi, wato wurin rijiyoyin rini, ko da yana boko, addini ne ko al'ada.

Ba addini ba ne, kar ka ɗora wa addini abin da bai ce ba. Al'ada ce, amma ba a banza aka kafa ta ba.

Ɗauki turkuɗi ɗaya, wato rinannen zanen nan mai ƙyalli da Buzaye ke naɗawa, ka lissafa min hannun da yake bi kafin ya hau kan Buzu a Agadas. Manomi ya noma auduga, tsofaffi irin marigayiya kakarka su gurje ta su kaɗa zare da mazari, masaƙi ya saƙa siri-siri faɗinsa da kaɗan ya fi ɗan yatsa, maɗinki ya zauna ya harhaɗa, sannan ya zo hannunmu marina, daga nan gidan bugu a sa masa shuni da kitse a yi ta dukansa har ya ɗau ƙyalli, dillali ya ci nasa, falke ya ɗauka ya yi arewa. Gida takwas kenan zane ɗaya ya ciyar, kuma duk an san juna, in masaƙi ya yi ha'inci ba a zuwa kotu, gobe dai ba wanda zai karɓi aikinsa. Kuma ba jiya aka fara ba, karofin Ƙofar Mata ana lissafa shi tun 1498, Bature ɗan Jamus ɗin nan Barth da ya zo Kano a 1851 ya rubuta cewa tufafinmu har Tumbuktu da Tarabulus ake kai su.

To dalilin da ya sa ake jefa yaro ciki tun yana ƙarami shi ne abin ba ya koyuwa da baki. Za a zuba baba, wato ganyen da ke ba da shuɗin, da ruwan toka da katsi, wato laka ta gindin rijiyar rini da aka ƙona, a rijiya, a yi kwanaki ana motsawa da muciya, babu ma'auni babu agogo. Kakanka da hanci yake gane ta nuna, ya duba kumfar da ta taso, wani lokacin ma ya ɗan taɓa da harshe. Ina ɗan shekara 12 na yi gaggawa na tsoma zanen wata mata rijiya ba ta kai ba, ya fito fari-fari kamar an wanke tsumma a kududdufi, wallahi na zaci duka zan sha, sai kawai ya zaunar da ni bakin rijiyar kwana uku ya ce in yi ta shaƙa har sai na faɗa masa da kaina ranar da ta canja wari. Har yau wannan warin yana hancina.

Ni ba zan yi maka ƙarya ba, kasuwa ta faɗi. Yadin waje ya cika Kantin Kwari, rinin kemikal a daro awa ɗaya an gama, rijiyoyi da yawa da na sani suna aiki yanzu shara ake zubawa a ciki, abin yana ci min rai amma ban ga laifin talakan da ya sayi mai araha ba, aljihunsa ya duba. Kuma ban ce ka ajiye karatu ka dawo ba, ko kusa. Abin da ban yarda da shi ba shi ne ka ji kunyar farcenka. Buzaye fa da kuɗinsu suke sayen wannan shuɗin ya zauna a fatarsu.

Af, kai da kake karanta kemistiri, zane in aka tsamo shi daga rijiya kore-kore yake fitowa, sai ya sha iska sannan ya koma shuɗi a gaban idonka. Mu mun san lokacin da za a tsamo da sau nawa za a mayar, dalilin ne nake so ka tambayo min malamanku. In an yi hutu ka taho da tsofaffin kaya, akwai rijiya ɗaya ta bayan gida da nake so mu yashe mu tayar tare. Ka gaida abokan naka, wanda ya fi tsokanar ma ka taho da shi.