Garin kurkum na buhu ba ya shiga shagon nan

Kai yaro, wai me zai hana mu sayo garin kurkum niƙaƙƙe daga kasuwar Mile 12 ta Legas mu huta da zaryar inji? Haka kuke 'yan yanzu, hutu kuke fara tambaya kafin ku san aiki.

Abin da ke rage kumburin gaɓoɓi a kurkum shi ne wani sinadari da ake kira kurkumin, kuma bai cika wuce kashi 5 cikin 100 na nauyin busasshen ba. Idan aka zuba garin rogo ko na masara, me ya rage? Shi ya sa maha'inci yake ƙara rini mai ruwan ɗorawa don launi ya dawo. Wani rinin ma dalma ke cikinsa, guba ce tsantsa.

Wani dillali ya taɓa kawo mana buhu uku, launi garau, farashi ƙasa da na saiwa. Lokacin kuwa cutar da ta cinye gonakin citta a kudancin Kaduna a 2023 ta sa cittar Kachiya ta yi tsadar da ba a taɓa gani ba. Aka haɗe garinsa da wannan citta mai tsada, aka zuba zuma, aka ɗura a robobi. Masu ciwon gwiwa suka riƙa dawowa, ba sauƙi, ga harshe ya rine. Da aka zuba cokali ɗaya na garin a ruwa, nan take kofin ya rine. Na gaskiya ba ya narkewa a ruwa, kwanciya yake a ƙasa ya bar ruwan da ɗan launi kaɗan. Duk haɗin kwata ya tafi, har cittar da zumar. Dillalin kuwa ya rantse cewa haka aka sayar masa, ya karɓi cikon kuɗinsa ta hannun shugabannin layi, bai sake biyowa ta nan Agege ba. Allah ya isa.

Saiwa za ka saya. Karya ta ka gani: cikinta ya zama ruwan lemo mai duhu, ta yi ƙas, ba danshi. Ɗanye kuwa sai an tafasa shi kamar minti 45, a shanya kwana 10 zuwa 15, kilo biyar ya dawo kusan ɗaya. Kada ka gwada shanya a daminar Legas, fumfuna za ta kama shi, kuma gubarta hanta take ci. Niƙa na mako biyu kawai, ka ajiye a kwalba mai duhu, don haske yana kashe ƙarfinsa.

Haɗinmu gwangwani 10 na kurkum, 5 na citta, rabi na masoro. Masoron ba don yaji ba ne, shi ke sa hanji ya tsotsi sinadarin kurkumin. Rabin ƙaramin cokali safe da yamma, a cikin abinci mai mai ko madara.

Mai shan maganin tsinka jini irin warfarin ko asfirin, mai tsakuwa a matsarmama, mai juna biyu, ba ka ba su. Gaɓar da ta kumbura ta yi zafi ga zazzaɓi, asibiti za ka tura shi a ranar. Yadda ake tankaɗe kuwa kada ka tambaye ni.