Yadda ake sa hoton fim ya yi tafiyar hawainiya, ko ya ƙame cak

Tambaya: Ina ɗaukar bidiyon biki da gajerun finafinai. Duk sanda na rage gudun hoto a kwamfuta sai ya riƙa tsalle-tsalle, ba ya sulɓi irin na finafinan waje. Sannan ta yaya ake tsayar da mutum cak a sama kyamara tana zagaya shi?

Amsa: Malam, laifin ba na kwamfuta ba ne, tun wurin ɗauka aka yi kuskuren. Bidiyo jerin hotuna ne marasa motsi da ake nunawa a guje, kowanne sunansa firam. Sinima na nuna firam 24 a daƙiƙa, talabijin ɗinmu 25. In ka ɗauka da 25 ka zo ka rage gudu zuwa rabi, kwamfuta ba ta da hotunan cike giɓi, sai ta maimaita kowane firam sau biyu. Tsallen da kake gani ke nan.

Maganinsa ka ɗauka da firam da yawa, ka nuna da kaɗan. Firam 50 a kan 25 rabin gudu ne. Firam 100 kuwa ninki huɗu ne: zuba shayi na daƙiƙa 3 zai ci daƙiƙa 12. Wayoyi da yawa suna kai 120 ko 240, kyamarori irin su Phantom suna wuce 1,000, su ne ke nuna ɗigon ruwa yana fashewa.

Sai dai haske za ka biya. Shata ita ce tsawon lokacin da kyamara ke barin haske ya shiga don kowane firam. Ƙa'idar ita ce lambar shata ta ninka ta firam: 1/50 na daƙiƙa ga firam 25, 1/200 ga firam 100. Ka ga a na biyun kashi ɗaya cikin huɗu na hasken ne kawai ke shiga, don haka sai ka ninka fitilunka sau huɗu. In ka ƙi, ka ce ISO za ka ɗaga, wato saitin da ke ƙara wa hoto haske daga cikin kyamara, hoton zai fito da yashi-yashi, musamman a kan baƙar fata da wuraren inuwa. Shi ya sa rana ta fi kowace fitila sauƙi a wannan aiki.

Akwai kuma ƙyaftawar fitila, wadda ta fi komai ɓata bidiyon zauren biki. Lantarkin Najeriya da Nijar yana juyawa sau 50 a daƙiƙa, ƙwan fitila mai araha kuma yana ƙyaftawa sau 100. Ido ba ya gani, kyamara na gani. Firam 60 da 120 an yi su ne don ƙasashe irin Amurka masu juyi 60, in ka yi amfani da su a nan sai layuka baƙaƙe su riƙa ratsa hoton. Ka zaɓi 50 ko 100. A kan janareta ma wannan ba ya wadatarwa, domin gudun injin na hawa yana sauka. Fitilun bidiyo masu batir sun fi. Sauti kuwa ka ɗauke shi daban, kyamarori da yawa ba sa naɗarsa in ana ɗauka da firam da yawa.

Abin da ka riga ka ɗauka da 25 fa? Manhajojin tace bidiyo irin su DaVinci Resolve da Premiere Pro suna iya ƙirƙiro firam na tsakiya ta hanyar hasashen inda motsi ya nufa. Yana yin kyau in mutum ɗaya ne a gaban bango fes. Amma liƙin kuɗi, ko hannun babbar riga da ya gitta fuska, sai ka ga gefunansu sun narke kamar kakin zuma.

Ƙamewa aiki ne daban. A fim ɗin The Matrix na 1999 an jera kyamarorin hoto kusan 120 a kewaye da ɗan wasa cikin ɗaki mai koren bango. In duka suka ɗauka a tare, aka jera hotunan ɗaya bayan ɗaya, mutum ya ƙame ana zagaya shi. In suka ɗauka bi da bi da ɗan taƙin rata, sai ya riƙa motsi a hankali yayin zagayen. Bayan nan kwamfuta ta cike tsakani, a saka gine-gine a madadin koren. Kyamara ɗaya ta kauce a tsayi ko launi, duk hoton zai yi rawa.

Mai kyamara ɗaya ma yana da dabara. 'Yan wasa su daskare da kansu, su riƙe numfashi, kowa ya kafa ido a wuri guda. Abin da ake so a gani a sama, hula ko takarda, a rataye shi da zaren kamun kifi. Ka ɗora kyamara a gimbal, wato mariƙin da ke hana ta girgiza, ka ɗauka da firam 50, ka ratsa tsakaninsu cikin daƙiƙa 5, ka mayar da shi 10 a wurin tacewa. Rage gudun yana ɓoye ɗan rawar jiki. A kashe fanka, kada a bar hayaƙi ko wuta a cikin hoton, domin su ba sa ƙamewa. Zaren kuma ka haska shi ta yadda ba zai yi ƙyalli ba, abin da ya rage a goge a kwamfuta.