Likita ya amsa: ƙwayoyin T da maganin ƙiba

Wani malami daga Mai Wurno: Likita, mene ne ƙwayoyin T?

Malam, nau'i ne na fararen ƙwayoyin jini. Asalinsu daga ɓargo ne, sai su je su ƙosa a taimos, wani ɗan nama da ke bayan ƙashin ƙirji. Masu alamar CD4 su ke tsara yaƙi da cuta, masu CD8 kuma su kashe duk ƙwayar jikin da cuta ta shige.

Wani bawan Allah daga Kasala: Ina da cuta mai karya garkuwar jiki, gwajin CD4 ya nuna 180.

Gwajin yana ƙirga ƙwayoyin T masu alamar CD4 ne a jini. Mai lafiya yakan samu 500 zuwa 1,500. Ƙasa da 200 haɗari ne, ɗan'uwa. Ka koma asibiti a makon nan, kada ka tsallake maganinka ko na kwana ɗaya.

Wata amarya daga Gadarif: Ƙawata ta ba ni dexamethasone don in yi jiki kafin biki. Wata guda ke nan ina sha, kumatuna sun ciko, amma wani farin abu ya fito min a harshe.

'Yata, wannan shi ne sha-ka-fashe, kuma raina na ɓaci duk lokacin da na ga ana sayar wa 'yan mata shi a kasuwa. Abin da kike gani ba ƙibar lafiya ba ce. Ruwa ne da kitse suka taru a fuska da ciki, cinyoyi kuwa ramewa suke yi.

Maganin yana hana ƙwayoyin T hayayyafa, yana kuma toshe saƙon da suke aika wa sauran dakarun jini. Farin da ke harshenki naman gwari ne da ya samu sarari. A Gadarif kike, inda kala-azar take, wato cutar zazzaɓi mai kumbura saifa, kuma ita da tarin fuka ƙwayoyin T ne ke danne su. Ga ciwon suga da hawan jini da maganin kan jawo a gefe.

Amma kada ki daina sha farat ɗaya! Bayan mako uku ana shansa, jiki yakan rage sarrafa nasa sinadarin mai kama da maganin, yankewa kwatsam na iya jawo amai, faɗuwar jini da suma. Ki ɗauki kwalin ki je asibiti gobe, a auna sukarinki da jininki, likita ya riƙa rage miki shi sannu a hankali. In zazzaɓi ko tari ya zo, kada ki jira goben ma, ki tafi a daren.